Farantin Yaya Rakiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin shirin fita aiki da safiyar yau aka kira ni a waya: Yaya Rakiya ta rasu.



Ba 'yar'uwata ta jini ba ce, makaranta ɗaya muke koyarwa a nan Daura. Lokacin da aka turo ni daga Zango ban san kowa ba, ita ce ta ja min kujera kusa da tata a ofishin malamai, ta ce, "Zauna nan, ƙanwata, can iskar fanka ba ta kaiwa." Tun daga ranar nake ce mata Yaya.

Duk wanda ya san ta ya san ciwon ƙodar da ta yi fama da shi. Wata bakwai ta yi a Indiya ana yi mata magani. Wasu tsarabar yadi da turare suke dawowa da ita, ita kuwa sai ta dawo da ƙullin kayan yaji da wani girki da matar da ta ba su hayar ɗaki ta koya mata, wato fiza, gurasar nan ta Turawa mai cuku da nama a kai, amma mai ƙamshin can.

Ba ta da injin gashi. Yashi take zubawa a babbar tukunya, ta ɗora kan gawayi, ta sa fizar a ciki ta rufe, ta kwashi garwashi ta jera a kan murfi. Cuku daga kasuwar Kongolam ta bakin iyaka ake kawo mata, ta jiƙa shi a madara mai ɗumi har ya yi laushi. Naman kaza kuwa sai ya jiƙu cikin kindirmo da kurkur da citta da tafarnuwa da masala, haɗin yajin Indiya. Ta yanka awara ƙanana ta watsa a sama.

Ranar da ta fara kawowa makaranta, malaminmu na Arabiyya ya tsaya daga nesa yana tambayar ko babu haram a ciki. Ta lissafa masa kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Yanka uku ya ci, ya kuma nemi na kai wa iyali.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ita ba ta ci. Likita ya hana ta gishiri da cuku. Ni ce mai ɗanɗana mata. Sai ta miƙo min cokali ta tsura min ido: "Sa'a, ke ce harshena. Faɗi gaskiya, kada ki ji kunyata."

Ganina da ita na ƙarshe sati bakwai ke nan, bayan ta daina zuwa aiki. Hannunta ba ya iya murza kwaɓi, don haka ta zauna a kujera a tsakar gida tana faɗa ina yi. Sau uku ina ɗaga murfin tukunyar in leƙa. Ta ce, "Ke dai garaje ne matsalarki. Ki sa wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, kuma ki bar murfin nan ya huta."

Da zan tafi ta sa na juye fizar a farantinta na tangaran mai shuɗin baki. Ta ce, "Kin dai san ba a mayar da kwanon mutane haka nan. Kada in ga farantin nan sai da taki fizar a kai."

Ni kuma na riƙe maganar hannu bibbiyu.

Sau biyar ina gwadawa. Ƙasa ya ƙone, sama ɗanye. Wata rana kwaɓin ya ƙi tashi, abin ya fito da tauri har maigidana ya ce a ajiye masa ya yi wa tayar babur faci. Kullum sai in ce bari dai sai Asabar mai zuwa. Yaya za a yi in shiga gidan malamata da ƙonanne, ko da faranti fayau?

Tana turo min saƙo: "Ina farantina?" In mayar mata da hoton dariya, in ce yana nan tafe, Yaya. Na ɗauka tsokana ce irin tata. Na ƙarshe ya shigo ranar Talata: "Sa'a, ina farantina?" Na karanta, kunya ta hana ni amsawa.

Tsakanin gidana da nata bai fi tafiyar minti goma a Keke Napep ba.

Yau na kai shi, babu komai a kai. Na ɓoye shi cikin hijabi. Kafin in isa maza sun riga sun fita da ita. Na tarar da mahaifiyarta, Inna, a kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na fito da farantin na ce, "Inna, na Yaya ne. Ya daɗe a wurina. So na yi in kawo shi da abu a kai."

Inna ta juya shi a hannunta, ta dube ni. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce, "'Yar nan, farantai nawa ne a ɗakin Rakiya? Rabonta da abinci na kirki ya fi sati uku. Ke take son gani. Duk aka yi sallama sai ta ce a leƙa ko ke ce."

Sai ta ɗora min shi a cinya. "Tafi da abinki. Ita ta ba ki."

Ga shi nan a gabana yanzu da nake wannan rubutu. Wallahi ban taɓa jin nadama irin ta yau ba. Sau huɗu ta turo saƙon nan, ashe ni take kira, ni ina can ina faɗa da tukunya.

Ya Allah ka jiƙan Rakiya, ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna da babu likitan da zai hana ta. Ka ba Inna da maigidanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sa ta yafe min kafin ta tafi.