Ranar da Malam Isyaku ya faɗi a gaban allo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Isyaku, ɗan Rawayya. Tare muke koyarwa a jami'a, tare muke tasowa daga Bungudu kowace safiya a motata, yana gefena yana ɓare gyaɗa yana musu da rediyo. Yanzu ni kaɗai nake shiga Gusau, rediyon ma ba na kunnawa.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Ina ofis wani ɗalibi ya faɗo ba sallama, ya ce Malam Isyaku ya yanke jiki ya faɗi a aji. Na tarar an kewaye shi, wasu na salati, wasu na yayyafa masa ruwa. Ni ma tsayawa na yi ina kallo.

Wata ɗaliba 'yar Tsafe, Rumasa'u, ita ta ratsa mutane ta durƙusa. Ta kara kunne a hancinsa, ta ɗora hannuwa a ƙirjinsa ta shiga dannawa da ƙarfi. Wani ya daka mata tsawa, wai za ta karya shi.

"Ba ya numfashi!" ta ce. "Ku ja baya ya samu iska. Malam, riƙe mishi kai."

Na riƙe. Ba ta tsaya ba har motar asibiti ta iso, mayafinta ya jiƙe da gumi. Kafin la'asar likita ya fito ya yi mana ta'aziyya.

Da Isyaku zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Zai ga ɗalibai suna koyon danna ƙirji a kan mutum-mutumin roba, ya yi dariyarsa ya ce sai da ya mutu muka waye. Zai kuma ga hanyar Rawayya da ba ma bi idan rana ta karkata, saboda tsoron 'yan bindiga.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa tambayata ciwon da ya kashe shi ba. Abu ɗaya ta so ji: ko an bar shi kwance shi kaɗai. Na kai mata Rumasa'u, Inna ta kama hannuwanta ta daɗe tana shafawa.

Bara Inna ta rasu. Ɗalibansa duk sun watse, wani yake zaune a ofishinsa. Idan na ambaci sunansa a taron malamai, sai na yi bayanin ko wane ne. Ina yi kuwa, kowane lokaci. Allah ya jiƙanka, Isyaku.