Tulun Irin Kakata

Wani fasto ya ƙone mana iri, kuma har yau bai san ya yi ba. Ban yafe ba. Masu cewa Kirista ba ta riƙo, ku bari in kai aya tukuna.

Duk ran da gero ya kama a tukunya, ƙaurin ya bugi hancina, sai in gan ni a tsakar gidanmu, can wani ƙauye kudu da Dogo. Mu masu zuwa majami'a gidaje kaɗan ne, sauran gari musulmi, rijiya ɗaya muke ja. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ke riƙe da irin gidan. In gero ya nuna, kafin a sa masa hannu, takan bi gona a hankali tana zaɓen zangarniya, ni ina biye da ƙwarya. Ta sussuka, ta sheƙe, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Gero ne mai gajeren kai, ba shi da kyan gani, amma ko ruwa ya ɗauke da wuri, shi ya riga ya yi ido.

Daga ubanta ta gaje shi. Shi arne ne, ba salla ba majami'a, kuma kafin shuka yakan yanka jan zakara a kan tulun. Da kakata ta karɓi baftisma ta daina yankan. Takan ce, "Zakaran na bari. Gero bai yi mini laifin komai ba."

Sai littafin ya zo. Faston ba mu taɓa ganinsa ba, sai hotonsa a bayan littafi, cikin kwat, yana murmushi. Daga wani babban birni yake, hayin iyaka. Koyarwarsa guda ce: talauci da ciwo da mutuwar ƴaƴa duk la'anar kakanni ce, gadonta ake yi. Ran Lahadi bayan sujada, wani da ya yi lakwal, wato makarantar boko, yakan karanta mana, mu muna kan tabarma baki buɗe. Kalma ɗaya ta maƙale a kunnen kowa: a ƙone tsohon iri, kada a bar ko ƙwaya.

A shekarar nan ƙyanda ta ɗauke mana yara biyu. Babana ba mugu ba ne, mutum ne da ya rasa abin kamawa. Da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya shiga ɗakin kakata ya fito rungume da tulun.

"Kai, ajiye wannan," in ji ta.

"Inna, a rubuce yake."

"To, in damina ta yi tsakiya, sai ka ci rubutu."

Ya fasa shi a kan wuta. Ina jin ƙwayoyin suna tartsatsi, kaji na zagaye suna neman abin tsinta. Ya sayo wani iri a kasuwar Mirriya, mai dogon kai. Geron ya tashi shar, abin sha'awa, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye ba ko ido. Ganyen tafasa da ƴaƴan anza muka ci har suka ɗaure mana harshe. Kakata ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma ƙara taka gona ba har ta koma ga Ubangiji.

Ni ban iya karatu ba sai da na yaye autana, a nan Damagaram, a ajin manya, madam tana riƙe mini hannu kamar jaririya. Bayan Littafi Mai Tsarki, littafin faston nan na fara nema. Na bi shi da yatsa, baƙi bayan baƙi. A wani wuri, in ya ce iri, zuriya yake nufi. A wani wurin kuma ya ce duk abin gadon da aka zuba wa jini a sa masa wuta. To manomi fa, in ka ce masa iri, me kake so ya ji?

Masu kare shi sun ce misali ya yi. Masu sukarsa, su ma fastoci, suna ta kai da komo a rediyo, aya ta ture aya, wai la'ana ta ƙare a kan gicciye. Gaskiyarsu. Amma ban ji wanda ya tambayi abin da aka ci a gidajen da suka yi biyayya ba. Na taɓa tashi a zumuntar mata na faɗi haka. Wata ta ce, "Mama, ba a taɓa shafaffe na Ubangiji." Na ce, "Shi wa ya hana shi taɓa tulunmu?" Aka tayar da waƙa don a rufe mini baki.

Irin bai mutu duka ba. Goggona, ƙanwar babana, ta tafi da rabonta tun ranar aurenta, shekara da shekaru tana shukawa tana liƙewa. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune gidan ƙanena, tulunta a gindin gado. Littafin kuwa ya daina jiran mai karatu, ya shiga salula, faston na magana daga aljihun kowa.

Makon jiya ƙanen nan nawa ya kira ni. Ɗansa ba lafiya tun damina, na sani, kuma ina jin masa.

"Yaya, ran Lahadi za mu tsarkake gida. Tulun goggo zai fita."

"Ka kai yaron wurin likita, ka bar gero."

"Yaya, a rubuce yake."

Muryar babana sak. Na kashe wayar.

Washegari da safe na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Dogo. Na gaida goggo, na durƙusa na jawo tulun, na ɗora shi a baya na ɗaure da zane kamar goyo. Akwai ƴar gonar maigidana a Gaffati tana jiran ruwa. Ƙanena ya tare bakin ƙofa.

"La'ana za ki kai gidanki, Yaya."

Na ce, "Ai kun ce gado ce. To na zo ɗaukar gadona. Ba ni hanya."