Baba Ka-Adana Zai Rufe Shago

Kullum da safe, kafin ya gama ɗaga ƙofar shagonsa, akwai wanda ke tsaye rungume da kwamfuta kamar mai jinyar jariri. Gaisuwa ba ta gama sauka ba, mai gyaran zai jefo tambayar da ta zame masa suna: "Ka adana?" Shi ya sa duk layin ke kiransa Baba Ka-Adana, har sunansa na yanka ya ɓace.

Amsa ɗaya ce, sosa ƙeya. Sai ya cire tabarau, ya sake bayanin da ya tsufa yana yi. Kwamfuta, in ji shi, tana da tebur tana da akwati. Memori shi ne teburin, aikin da kake yi yana baje a kansa, wuta na ɗaukewa an share shi tas. Faifan ajiya shi ne akwatin, yana juyawa a ciki, wata 'yar allura tana rubutu a kansa. Abin da ka adana yana can, amma akwati ma yana tsufa. Mu ce "To, Baba," maganar ta bi ta bayan kunne.

Mun ba bawan Allahn nan wahala! Wani ya doddoki tasa kamar tsohuwar rediyo, wani ya shanya a rana. In an ɓata goma, sai a kawo masa a ce ya gyara biyar.

Maƙwabtan shagon ba su manta da wata mai ɗinki ba. Ta zo tana hawaye, domin muryar mahaifinta marigayi, inda yake sa mata albarka, tana cikin kwamfutar, kuma babu ita a ko'ina. Faifan ya fara ƙas-ƙas, ƙaninta kuwa ya yi ta kashewa yana kunnawa, wai ko za ta farfaɗo.

"Allurar ce ke kartar faifan, shi kuma yana ƙara mata ƙaimi," Baba ya ce, ransa a ɓace. "Kai, Allah ya shirya!"

Ya ture sauran ayyuka, ya yi kwanaki yana lallaɓa faifan har muryar ta fito. Daga nan ya kafe a kan ƙa'idarsa da kowa ke jin haushi: ba ya miƙa abin da ya ceto sai an kawo filas biyu, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi abu a ciki.

"Haba Baba, muryar mahaifina ce fa!"

"Shi ya sa, 'yata. Ɗaya ki riƙe, ɗaya ki kai gidan yayarki. Kada su kwana ɗaki ɗaya."

Ta tafi tana ƙunƙuni, wai tsohon nan ya cika taurin kai, amma ta bi umarnin. Bara aka fizge mata jaka a tasha, da kwamfutar da filas ɗinta duk a ciki. Na gidan yayarta ne ya tsira, shi ɗanta ke saurara ya ji kakan da bai taɓa gani ba.

Baba, kai ne mai ceton abin da sakacinmu ya kashe. Ka ga hotunan mutane da sirrinsu, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinka ba. Yanzu ido ya yi rauni, ƙananan kusoshi sun daina ganuwa, za ka huta.

Mai ɗinkin ta zo yi maka sallama, tana ta godiya. Ka bari ta gama, ka ce, "Yanzu saura ɗaya ke nan. Kin sake kwafa?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ka dafe goshi, ka miƙa hannu ka ce ta je ta kawo na gidan yayarta ka kwafa mata.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu gyara, ku ɗauki taurin kansa ko da za a zage ku. Mu kuma mu je mu kwafa yau, domin gobe in faifai ya yi ƙas-ƙas, ƙofar nan a rufe take.