Gefen Dama na Allo

Muna aji huɗu a sakandare malamar Turanci ta raba allo gida biyu da alli. A hagu ta jera kalmomin abin da ba a saba gani ba: unusual, rare, unprecedented. A dama ta sa akasinsu: ordinary, common, usual. Dokarta ita ce ba a kwafo misali daga littafi, kowace ɗaliba daga gidansu za ta kawo.

Aka yi rububin hagu. Wata ta kawo ƙanƙarar da ta huda musu kwanon rufi, wata kuma ta kawo akuyar da ta haifi huɗu. Ni aka bar ni da ordinary, na yi ta kumbure-kumbure. Da ƙyar na rubuta cewa kowace Asabar Umma tana aikena kasuwar Farin Gada, wurin maman ƙawata da muke zama benci ɗaya. Takan auna min tumatir, ta ƙara gyara, ta yi min faɗan fitowa ba rigar sanyi. Su coci suke zuwa, mu masallaci, amma ko a raina bai zo ba in rubuta wannan. 'Yan aji suka yi dariya. Malama ba ta yi ba, cewa ta yi in adana takardar.

Wata biyu da suka wuce ina cikin kasuwar aka fara gudu. Ban ga abin da ya faru ba, kwanduna kawai na gani suna kifewa. Da takalmi ɗaya na isa gida. Washegari mai labarai a rediyo ya ce rikicin unprecedented ne, na gane sarai, na so a ce ban gane ba. Har yau in aka buga ƙofar mota da ƙarfi sai in waiga ina neman hanyar gudu.

Asabar bakwai ban je ba. Ba gudun ne kaɗai ya hana ni ba. Tsorona in je maman ƙawata ta dube ni kamar baƙuwa.

Jiya Umma ta miƙo min kwando. Na shiga keke daga Gada Biyu. Na sami maman ƙawata ƙarƙashin tsohuwar lemarta, na durƙusa na ce, "Mama, ina kwana."

Ta ɗago ta daɗe tana kallona.

"Sai yau? Kuma ina rigar sanyinki? Ke dai ba kya jin magana."

Ta auna, ta ɗora uku a kai. Na tsaya rungume da kwandon na kasa ɗaga ƙafa, har sai da ta ce in matsa gefe, ina tare mata masu saye.