Ƙarfen da Inna Take Tsoro

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da Guci, na tsinci wani ɗan ƙullutu a nonona na hagu. Wanka nake yi da safe, ina sauri kar in makara, hannuna ya bi ta kansa. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Ni da nake tsayawa gaban yara ina koya musu sassan jiki da alli mai kala, sai na ce wa kaina ai maruru ne zai fito, na ɗaura zane na tafi aiki. Wata huɗu ina jiran marurun nan, bai fito ba.

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida, daga ni sai mahaifiyata. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin fuska da ni. "Ke" ce sunana a gidan. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna cin tuwo kwano ɗaya, amma hirarmu ba ta wuce ta awaki da farashin hatsi. Ranar da na yi ƙarfin hali na gaya mata, tana tankaɗe. Ta tsaya da rariya a hannu.

"Daji ne," ta ce. "Kar ki bari a sa masa ƙarfe. Ko allura ce, kar ki yarda."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san maganar nan. Ana cewa ciwon daji ba ya shiri da ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Inna kuwa ba a bakin mutane ta ji ba. Ƙanwarta da suke ciki ɗaya an yi mata aiki, ba ta yi wata uku ba ta rasu. Don haka aka fara jiƙa mini saiwoyi, ana shafa mini wani baƙin gari mai warin hayaƙi. Na sha, na shafa, da takardar shaidar karatuna a cikin akwati. Ƙullutun ya kai goro.

Da hutun lakwal ya zo sai na ce za ni Damagaram wani taron malamai. Ƙarya nake yi, gidan likita na tafi. Lokotoron, wato likitan da ya duba ni, ya ce sai an tsira allura an ɗebo kaɗan daga ciki an auna. Ban san lokacin da na rufe ƙirjina da hannu biyu ba. Ya yi murmushi, ya ce ba ni ce ta farko ba. Ya tambaye ni ko gidanmu ana noma, na ce ana yi.

"To kin san shibra, Madam."

Wa bai san shibra ba? Hatsin nan ne da ke fitowa cikin gona tare da na kirki. Ganye ɗaya, kara ɗaya, lokacin cira ba mai iya bambanta su. Sai ta fid da kai za ka ga siriri ne, kuma kafin a zo girbi ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa.

Ya ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace tana ɗauke da umarninta a ciki: yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu ta ba wata wuri. Duk rabuwa sai an kwafi umarnin, kuma mai kwafi yakan yi kuskure. Yawanci jiki yana gyarawa ko ya kashe mai kuskuren. Amma in kurakurai suka taru a ƙwaya ɗaya, sai ta daina jin magana, ta yi ta haihuwa, ta ƙi mutuwa. Ƙullutun ke nan. Ba daga daji ya zo ba, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a kwano. Daga irin gida ya fito. Ya ce mata ya fi kama su a nono da bakin mahaifa, maza a hanta da wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara.

"Ba ƙarfe ke watsa shi ba," ya ce. "Jira ke watsa shi. In ya daɗe sai ya kakkaɓe 'ya'yansa cikin jini, su sauka a hammata, a ƙashi, a huhu. Mutanenmu sai ya gama zuba suke zuwa. In muka yanka suka rasu, sai a ce wuƙa ce."

Na bari aka tsira allurar. Da sakamako ya fito na koma gida na faɗa wa Inna gaskiya, har da cewa za a cire nonon a Yamai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kin zaɓa." Ranar tafiyata ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake a leda, ta ajiye bakin ƙofa, ta kora awaki ta fita. Ba ta raka ni ko bakin hanya ba. 'Yan uwa ma kowa ya kawo uzuri, don ba mai son a ce da shi aka kai ni ga wuƙa.

Watannin Yamai ba na son tuna su. A ɗakin da ake ɗaura mana ruwan magani kowace mace tana da mai riƙe mata kofi, ni nake riƙe nawa. Gashina ya zube, har na gira. Na rame na yi baƙi, in na duba madubi sai in gaishe da baƙuwar da ke ciki. Wata mata da ke kusa da gadona ta tambaye ni ko ba ni da uwa. Na ce ina da ita, tana fama da awaki. Na juya bango na yi kuka. Kowace Juma'a nakan kira wayar maƙwabcinmu a kai wa Inna. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: "Kina cin abinci?" Daga nan sai ta ce, "Ya wurin yankan? Ya warke?" In na ce ya warke sai ta miƙa wa maƙwabcin wayarsa, kamar ba ta yarda ba. Na ɗauka fushi ne, ni ma na ƙullace ta a raina.

Na dawo da raina. Gashi ya tsiro, na koma aji da tsumma a cushe gefe ɗaya na riga. Na lura Inna tana yawan kallona ta gefen ido, in ina daka, in ina ɗaukar tulu. Har damina ta zagayo, aka yi girbi.

Wata rana da hantsi ta shigo ɗaki ta saki labule. Ta kira sunana. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, sai da na waiga ko da wata take. Ta kama hannuna ta sa cikin rigarta. Abin da na taɓa ya kai lemon tsami, mai tauri, ga wasu ƙanana a hammata.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kafin naki."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ce bari in gani. In kin dawo da rai kin shekara, sai in bi ki. To kin shekara. Kai ni wurin ƙarfen."

Na kai ta. Lokotoron nan dai muka samu. Ya duba hotunan ƙirjinta da na bayanta, ya ajiye su a hankali, bai yi maganar wuƙa ba. Magungunan rage ciwo ya rubuta. Kafin damina ta gaba muka rasa ta, ina riƙe da kofinta.

Har yau ban gama sanin yadda zan ji ba. Duk watannin da nake kuka a Yamai ina cewa ba ni da kowa, ashe ita ma tana can ita kaɗai da nata, tana tambayar ko yanka ya warke. Mun kwana ɗaki ɗaya da ciwo ɗaya, kunya da tsoro suka hana mu buɗe baki. Shi ya sa yanzu duk matar da ta shigo gidana sai ta sha tambaya ko tana duba nononta, har ana ce mini Madam mai bincike. Ba na jin haushi. In wata ta ce mini daji ba ya son ƙarfe, ba na gardama da ita. Nakan saki labule, in ɗaga rigata in nuna mata tabon, in ce ta ƙirga shekarunsa, amma kar ta jira ya ƙara ko ɗaya kafin ta je a duba ta.