Labo Magini da Rumbunan Gas na Tajaye

Idan aka sallame sallar asuba a Tajaye, Labo Magini ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake komawa, ya ɗauki bokiti da tsohon shebur, ya shiga turken da ya rage masa, saniya guda da ɗan maraƙinta, ya kwashe kashin da suka kwana suka yi. Sai ya zuba a wani kwarmin siminti da ke bayan madafa, ya ƙara ruwa daidai da shi, ya dama da sanda har ya yi kaurin kunu, sannan ya zare toshiya ya bar shi ya gangara cikin ƙasa. A da, kafin shayi ya tafasa ya gama. Yanzu sai ya yi ta tsayawa yana dafa bango, yana jan numfashi da ƙyar, ƙirjinsa na ƙara kamar ana yaga tsumma. Matarsa Tsahara tana jin sa daga ɗaki, amma ba ta cewa ya kawo ta yi masa, don ta san ransa zai ɓaci. Iyakarta ta murɗa makunnin murhu, ta ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta tashi, ta ɗora masa ruwan zafi.

Wutar nan daga kashin saniyar take fitowa. A ƙarƙashin tsakar gidan akwai gini mai tulluwa da aka binne, a ciki kashin yake ruɓewa, iskarsa ta taru a sama, tiyo ya kawo ta murhu. Ma'aikata suna kiran abin biyogaz. Mutanen karkara da suka ga siffarsa sai suka ce rumbun gas, sunan kuwa ya bi shi. Daga Tajaye zuwa ƙauyukan Dogarawa, har can gefen Konni, da wuya ka ga irin rumbun nan da hannun Labo bai taɓa ba. Bana ya ajiye aikin, ba don ya so ba. Shi ya sa muka ga ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana iya jin abin da aka faɗa.

Ginin rumbun hatsi ya gada wurin mahaifinsa. Da rumbuna suka yi ƙaranci, don hatsin da za a zuba ma ya yi ƙaranci, sai ya shiga ci rani kamar kowa, wata shekara Najeriya, wata shekara lodin siminti a Malbaza. Yana can aka zo da wani porje, wato shirin tallafa wa karkara, ana neman maginan da za su iya rufe tulluwa da bulo ba tare da katako ba. Hannun Labo ya riga ya san wannan. Abin da bai sani ba, ya zauna ya koya: yadda ake shafe cikin ginin har iska ta rasa mafita, da yadda ake shimfiɗa tiyo don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Yawancin waɗanda suka yi horon tare da shi aiki kawai suka ɗauke shi. Shi kuwa Labo abin ya shiga ransa, domin ya san abin da itace yake yi wa mata. Ya ga Tsahara da ƴan uwanta suna fita da sassafe, su dawo bayan azahar da ƴan ƙiraren da ba su isa tuwon dare ba. Ya ga ana ƙona karan da ya kamata dabbobi su ci, da busasshen kashin da ya kamata gona ta samu. Mahaifiyarsa ta tsufa da jajayen idanu masu zubar hawaye saboda hayaƙi, har ta rasu ba ta bambance fuskokin jikokinta sai da murya.

Farkon abin ba wanda ya yarda. Wani dattijo ya tare shi a kasuwa ya ce, “Labo, yanzu tuwon da anka dafa da kashin shanu za ka ba mu?” Aka yi dariya. Labo bai yi musu ba. Gida ya je ya gina na farko a tsakar gidansa, ya jira har ya kama, sannan ya gayyaci liman da dattawan unguwa. Suna zaune Tsahara ta tuƙa tuwon dawa ta kaɗa miyar kuka, ba hayaƙi, ba baƙi a gindin tukunya. Liman ya zagaya ya duba, ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle iskarsa, ya wanke hannu ya sa a kwano. Dattijon nan na kasuwa shi ne ya nemi ƙari.

Daga nan aiki ya buɗe. Labo ya ɗauki abokinsa Sallau, wani magini mutumin Dogarawa, suka riƙa yawo tare a kan moto guda, wato babur. Mata suka huta da zuwa dawa neman itace. Ruwan takin da ke fita ta bayan rumbun ya sa gero ya yi baƙi ƙirin a gonakin da suka gaji. Shekarun nan su ne masu daɗi, ba su kuma daɗe ba.

Wa'adin porje ya cika, aka rufe buro, wato ofishinsu, motoci suka tafi. Ba a bar wanda zai duba rumbun da ya tsage ko murhun da ya toshe ba. Magina suka watse, kowa ya koma neman abincinsa. Labo da Sallau ne kawai suka ci gaba da amsa kira. Mace za ta aiko cewa wutarta ta yi ja ko ta ɗauke, Labo ya ɗaura jakar kayan aiki da gorar ruwan sabulu, ya je ya bi tiyo yana shafawa har ya ga inda kumfa ke tashi. Wani gidan a ba shi na mai, wani gidan a ba shi tiyar wake, wani kuwa godiya ce da fura.

Sai damina ta yi ta yankewa. Mutane suka sayar da shanu don su sayi hatsi, waɗanda ke kusa da iyaka kuma ɓarayi suka kore musu nasu. Rumbun gas kuwa ciki gare shi, in ba a ba shi ba, ba ya bayarwa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru. Labo ya shiga bin kasuwannin dabbobi da mahauta, yana roƙon a bar masu amalanke su kwashe kashi su kai gidajen da shanunsu suka ƙare. Ya ji a wurin horo cewa a wasu ƙasashe ana tace gas ɗin nan a ɗura a tukwane, har manyan motoci su yi tafiya da shi. Duk lokacin da motar siminti ta wuce shi a hanya sai ya tuna. Ya je buro-buro yana bayanin yadda dattin mahauta kaɗai zai iya dafa wa unguwa guda abinci. Ana ba shi kujera, a saurare shi, a ce ya kawo shawara mai kyau. Har yau shiru.

Abin da ya karya shi ya faru ne a wani ƙauye gabas da Dogarawa, da bazara. Rumbun wani gida ya cika da yashi, dole a buɗe a yashe. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe a bar shi ya sha iska kwanaki, sannan a zura kaza a kwando a ga ko za ta fito da rai, kafin mutum ya sa ƙafa. Suka buɗe, Labo ya ce a jira. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, Sallau kuwa bai gyara gonarsa ba, hankalinsa yana gida. Washegari Labo ya tsaya gyaran murhu a maƙwabta, sai ya ji ihun mata.

Waɗanda suka ga abin sun ce da gudu ya iso. Ya leƙa ya hango Sallau kwance a ƙasan ramin. Maza sun taru, ba wanda ya iya matsawa saboda warin. Labo ya jiƙa rawaninsa ya ɗaure hanci da baki, ya ɗaura igiyar guga a ƙugu, ya miƙa wa mutane bakinta.

Mai gidan ya riƙe masa hannu ya ce, “Malam Labo, kada ka shiga. Mutum biyu za mu rasa.”

Ya ce, “Ni na kawo shi garin ga. In kun ji na daina motsi ku ja.”

Ya sauka, ya ɗaura wa Sallau igiya ta biyu a hammata, daga nan bai ƙara sanin inda yake ba. Aka jawo su duka biyun. Labo ya farfaɗo a gadon likita a Konni. Sallau tun a kan amalanke ya cika.

Kafin a sallame shi labari ya gama karkara cewa rumbun gas ya ci mutum. Gidaje da dama suka cire tiyo, wasu suka cike rumbunansu da ƙasa. A ƙauyen da ya yi wa aiki shekara da shekaru, ya yi sallama a wata ƙofa aka ce masa mai gidan ba ya nan, alhali yana jin tarinsa a ciki. Tsahara ta ce watannin nan ko abinci ba ya ci sosai. Zama yake a zaure ya yi tagumi, in ta yi magana ya ce, “Da na bar shi ga ginin ɗakunansa, da yau shina cikin ɗiyansa.”

Da Kubura matar Sallau ta fita takaba, Labo ya shirya ya tafi Dogarawa. A ransa ya yanke cewa in ta ce ya rushe rumbun da ke gidanta, zai rushe da hannunsa, ya kuma bar sana'ar. Ya durƙusa daga bakin ƙofa suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya. Ta amsa. Sai ta kira shi da sunan ɗansa ta ce, “Baban Nafi'u, wutata ta mutu tun ran da anka kai shi. Ban iya taɓa ta ba. Ga ni da marayu, ba mai zuwa mani itace, ba ni da abin sayen gawayi. Abin ga shi ne kaɗai ya bar mani. Tashi ka gyara.”

Ya tashi ya gyara, hawaye na zuba a kan tiyon. Da wutar ta kama, Kubura ta ce kada ya tafi sai ya nuna mata abin da ya yi, don ba kullum zai samu zuwa ba. Ya nuna mata. Bayan nan ita ce ta riƙa shiga gidajen da aka rufe masa ƙofa, tana ce wa mata, “Ni mijina ya mutu a ciki, kuma da shi nike dafa wa ɗiyansa tuwo. Ba rumbu ya kashe shi ba, shiga ba a jira ba ne.” Wasu suka mayar da tiyonsu. Da yawa ba su mayar ba.

Labo ya koma kan moto, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Duk inda ya je, kafin ya taɓa komai sai ya tara mutanen gida ya sa su yi masa alkawarin ba mai shiga rami, ko me ya faɗa ciki. Haka ya yi ta ja har bana, da ya faɗi a hanyar Illela aka kawo shi gida a mota. Likita ya ce huhun ya gaji, ba sauran hawa moto, ba sauran ƙurar siminti.

In za a faɗi gaskiya, rumbunan da suka mutu sun fi masu rai yawa. Mata da dama sun koma dawa, dawar kuma ta ƙara nisa. Ba wanda ya kira Labo taro ya miƙa masa takardar yabo, ba shi da fansho, ɗansa Nafi'u yana can ci rani, ya ce ba zai gaji aikin da ya cinye ƙirjin ubansa ba. Ba mai iya ganin laifinsa.

Labo na Tsahara, maginin wuta marar hayaƙi. Kai ne ka tsaya lokacin da masu motoci suka tafi. Kai ne ka sauka ramin da kowa ya ja da baya, ka kuma koma ka ƙwanƙwasa ƙofofin da aka rufe maka. Akwai ƴan mata a Tajaye da suka zauna lakwal suna karatu saboda ba a tura su itace ba, ba su ma san sunanka ba. Akwai tsofaffin da har yanzu suke zura zare a allura da kansu. Akwai gawo da ke tsaye a gonaki wanda da tuni ya zama toka. Mun gode, Labo. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sassauta maka numfashi, Ya ji ƙan Sallau, Ya raya abin da ya bari.

Ku kuma magina da samarin Illela da Malbaza da Konni, da ku masu zama a buro, aikin nan bai fi ƙarfinku ba. Kubura tana iya gyaran tiyo da murhu, amma rufe tulluwa a hannun Labo kaɗai ya rage a karkarar nan. Yana nan zaune a zaurensa kowace rana, kuma bai taɓa korar mai tambaya ba. Magana tana yi masa wuya yanzu, yakan faɗi kaɗan ya huta. Ku je ku zauna gabansa tun yana da numfashin da zai ƙarasa muku bayani.