Abin da Mai Hoto Ya Rubuta a Gurbin Alt

Shekara arba'in Mai Hoto ya yi yana shara ƙarya da kyamara, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa. A shagonsa, gaban labule mai zanen jirgin sama, mai tumbi kan fito siriri, mai furfura ya fito saurayi. Bakinsa kuwa magana ɗaya ya iya: kai, ka yi kyau.

Da wayoyi suka cinye sana'ar, kwastoma ɗaya ya rage masa mai tsoka, wato ƙungiyar tsofaffin ma'aikata masu taro duk shekara. Don su kaɗai shagon yake buɗe. Bana shugabansu ya ce hoton takarda ya tsufa, a shafin intanet suke so, in bai iya ba su nemi wani.

Surukarsa, matar babban ɗansa, aikinta ke nan. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa cewa kowane hoto layi guda gare shi, a cikin layin kuma akwai gurabe: src ya faɗi inda hoton yake, width girmansa, alt kuma bayanin abin da ke cikinsa. Ya tambaya ko wannan na ƙarshen yana fitowa a shafi.

"A'a, Baba, sai dai in..."

Bai jira sauran ba. Ya ce ya gane, ta tafi abinta.

Bawan Allah ya samu wurin da yake zaton ba mai leƙawa, sai ya zazzage cikinsa. "Shugaba, ya riƙe numfashi har na tsorata." "Sakatare, rinin gashi ya zubo masa a kunne." "Mataimaki, barci yake, da kwamfuta na buɗe masa ido." Hotuna sittin da ya ɗauka kafin taro, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ranar taro kowa ya buɗe shafin, sai netwok ya yi rauni. Hotuna suka ƙi buɗewa, a gurbin kowanne rubutun Mai Hoto ya fito tsaf a wayar kowa. Abin da surukar ta so gaya masa ke nan.

Washegari Mai Hoto ya fara zuba kayansa a kwali don rufe shago, sai ga shugaba. Ya zauna ko gaisuwa babu, ya ce an ci mutuncin ƙungiya, an yi awa uku ba wanda ya saurari jawabinsa, kowa na neman abin da aka rubuta a kan na kusa da shi.

"Nawa yau za ka goge. Ka sa: Shugaba cikin natsuwa."

Mai Hoto ya ce to, ranka ya daɗe, har na sauran duk zan gyara.

"Wa ya ce ka taɓa na sauran? Na sakatare ma ai ka yi masa sauƙi, haƙoran nan ba nasa ba ne."

Shugaba ya tabbatar masa da aikin baɗi, ya fice. Ko awa ba a yi ba sakatare ya leƙo, kunnensa a wanke tas, yana tambaya ƙasa-ƙasa ko shugaba ya biyo ta nan.